Zuwa ga Dogo, a kan hunturun bana da ƙafar Baba

Auyo, Janairu 2026

Dogo,

Assalamu alaikum. Ina fata kana lafiya, kai da karatu da sanyin ƙasar mutane. Inna tana gaishe ka, ta ce in tambaye ka ko Turawa sun ƙwace maka waya ne, don rabon da ta ji muryarka tun kafin a yanke gero.

Saƙon muryarka ya iso, wanda kake kukan fatarka ta bushe, ƙaurinka ya yi furu-furu, ƙaiƙayi ya hana ka barci. A majalisa na kunna shi, kuma ka san gindin darbejiyar nan ba ya riƙe sirri. Sai da liman ƙarami ya riƙe ciki don dariya. Kai ne fa ranar da muka raka ka filin jirgi a Kano ka ce ka yi ban kwana da kaushi har abada. Ashe ya riga ka sauka Ingila, yana jiran ka a bakin ƙofa. Zan ba ka amsa, amma ka bari in fara sauke abin da ya tsaya mini a rai.

Ƙafar Baba ce. Ka san yana fama da ciwon suga, ka kuma san halinsa, ba mai hana shi zuwa gonar alkama. Da asuba yake fita ban ruwa, ya tsaya cikin taɓo mai sanyi har rana ta ɗaga, ya fito iska ta busar da ƙafar, gobe ma haka. Hunturun bana kuwa ba sauƙi. Akwai ranakun da hazo ke rufe gari har ba ka hango kukar bakin hanya daga ƙofar gidanmu. Faso ya dare masa a dunduniyar hagu, mai zurfi, bai gaya wa kowa ba. Wani a gona ya ba shi shawarar ya ɗura baƙin mai a ciki, wai yana haɗe faso, shi kuwa ya ɗura. Jini na gani a kan buzunsa bayan sallar isha'i. Da na ce ya miƙo ƙafar na haska fitila, wallahi Dogo sai da gabana ya faɗi. Wurin ya kumbura, gefensa ya yi zafi, ga baƙin man nan ya cakuɗe da ƙasa a ciki. Abin da ya fi tayar mini da hankali, ina dannawa yana kallo na, ya ce shi ba ya jin komai.

Washegari na ɗora shi a babur muka tafi asibiti. Malamin asibitin da muka samu, Allah ya saka masa da alheri, ya wanke ciwon, ya ba da magani, sannan ya zaunar da mu ya yi mana bayani dalla-dalla. Ya ce suga idan ya daɗe a jiki yana kashe jijiyoyin da ke sa mutum ya ji zafi a ƙafa, yana kuma rage gudun jini zuwa can, shi ya sa ciwo kan shiga ba a sani ba, in ya shiga kuma ya ƙi warkewa da wuri. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga, in ji shi, kuma fason da mai lafiya zai yi ta yawo da shi har damina, a ƙafar mai suga yana iya kai wa ga yanke yatsa ko ƙafar ɗungurungum. Ya hana a sa reza ko wuƙa a kankare masa kaushi. Ya hana a jiƙa ƙafar ta daɗe cikin ruwa. Ruwan wankan ma sai wani ya taɓa da gwiwar hannu tukuna, domin Baba zai iya ƙonewa bai ji ba, haka nan miƙa ƙafa kusa da kaskon wuta. Mai kuwa a shafa a tafin ƙafa da bayanta, ban da cikin ciwon, ban da tsakanin yatsu, don nan wurin danshi ne, in aka ƙara masa mai sai ya ruɓe.

Yanzu kullum bayan magariba ni ke duba ƙafar, yatsa bayan yatsa. Kumburin ya sauka, alhamdu lillahi, bakin ciwon ya fara haɗewa, amma a hankali ƙwarai. Ƙanena ya karɓi ban ruwan. Baba yana zaune a zaure yana ta faɗa, wai mun mayar da shi mace mai jego. Ya yi ta faɗan, ni dai ƙafarsa nake so. Ka sa shi a addu'a.

Abin da ke ba ni haushi shi ne yadda muka raina faso a ƙauye. Ka tuna muna yara yadda manya ke ɗinke nasu da allura da zare, wasu su narka kitse su ɗiga a ciki da zafinsa? Har yanzu ana yi. Yanzu ma an ƙaro da gam ɗin liƙe takalmi. Alhali maganin yana cikin ɗakin kowace tsohuwa.

To, ga amsarka, daga bakin Inna, don ita na tambaya, na kuma gwada abin da ta faɗa da na malamin asibiti na ga bakinsu ɗaya. Ta ce matsalarku samari ita ce kuna shafa mai a busasshiyar fata. Mai ba ya ƙara wa fata ruwa, tare ruwan da ke ciki yake yi kada iska ta kwashe. Saboda haka da ka fito wanka, kada ka goge jiki ƙarau. Ka ɗan dadanna tawul, jikin da sauran laima, nan take ka shafa. In ka bari ka sa kaya, ka sha shayi, sannan ka tuna da mai, ka makara. Haka bayan alwala. Mu da muke wanke hannu da fuska da ƙafa sau biyar a yini, cikin wannan iska, dole fata ta ji jiki. Ni yanzu ɗan gwangwanin man kaɗe na aljihuna, ina idar da alwala in murza kaɗan a hannu da dunduniya.

Sai ruwan zafi. Na san ka, tun muna makarantar kwana kai ne mai satar ruwan zafin kicin. Yanzu da ka samu famfon da ke zubo shi kyauta, na tabbata sai ka dahu kake fitowa. Ruwa mai zafi sosai yana wanke man da fata ke yi da kanta, shi ya sa kana fitowa ƙaiƙayi ke tashi. Mai ɗumi ya isa, kuma kada ka daɗe. Ka rage sabulu, ka sa shi inda ake buƙata kawai, hammata da matsematsi da ƙafa. Soson nan da kake dirzar jiki da shi, ka ajiye shi sai bazara. Nan ma matan da ke wanka da sabulun soda su ne hannuwansu suka fi tsagewa. Sabulun salo mai kyau ya fi sauƙi, ko da yake shi ma in aka cika shi yana busarwa.

Na'urar ɗumama ɗakin da ka ce ba ka kashewa, ita ce hunturunka. Iska mai sanyi dama ba ta riƙe laima da yawa, in aka ɗumama ta sai ta ƙara bushewa, ta dinga jan ruwa daga fatarka da hancinka. Mu tamu iskar daga Sahara take tasowa, ta arewa maso gabas, ta kwaso ƙura tun daga ƙasar Chadi, daga Nuwamba har wajen Maris. Taku kuwa da kuɗinku kuke sayen ta. Ka rage ƙarfin na'urar da dare, ka shanya jiƙaƙƙen tawul a ɗakin ko ka ajiye kwanon ruwa. Rigar ulu kuma kada ta taɓa fata kai tsaye, ka sa ta auduga a ciki.

Af, kafin in manta, an sa ranar ƙanwar liman, bayan ƙaramar salla. Azumi bana a Fabrairu zai kama, da sauran sanyi, mun gode Allah. Angon ɗan Kafin Hausa ne, mai sayar da taki. Ka san wanda ya so ta da farko, ba sai na faɗa ba. Tun da aka sa ranar bai sake zama a majalisa ba, kullum wai yana da aiki a Haɗejiya.

Maganar bikin ce ma ta tuna mini wani abu da ke damun uwargida. Ta ce 'yan matan da ke shafa man bilicin su ne hunturu ya fi wahalarwa, fuska ta yi ja, ta dinga saɓulewa, gaɓoɓin yatsu su yi baƙi. Mayukan nan suna sa fata ta yi siriri, ga wasu da sinadarai masu cutar da ƙoda. Tun 2023 hukumar kula da ingancin abinci da magunguna, NAFDAC, ta ce abin ya zama matsalar lafiya ta gaggawa a ƙasar nan, amma je ka kasuwar ƙauye ka gani, a faranti ake tallan su, an juye a robobi ba ko suna. Har yara ƙanana wasu ke shafa wa. Wannan abu yana ci mini rai, don a ajina akwai yarinyar da na ga alamar a wuyanta, sai da na aika aka kira uwar muka yi magana.

Mu koma kan mai. Man kaɗe shi ne gaba, ba na jayayya a kai. Aibinsa ɗaya, da sanyi yana daskarewa ya yi tauri. Inna takan sa shi a ƙaramin kwano, ta ɗora kwanon cikin ruwan zafi har ya narke, ba ta ɗora shi a wuta kai tsaye. Sai ta zuba man riɗi kamar kashi ɗaya cikin uku, ta yi ta juyawa har ya huce. In ya kwana sai ya yi laushi, yatsa na shiga. Riɗi kuwa ka san Jigawa ba a gaya mana shi, namu ne na gona aka matse. Wanda ba shi da riɗi ya sa alayyadi ko man kwakwa. Man shanu ma yana yi, Fulanin rugar bayan gari da shi suke shafe 'ya'yansu, sai dai ƙauri. Basilin kuma ba na raina shi, wajen tare ruwa a fata babu kamar sa, musamman a dunduniya.

Ga mai faso wanda ba shi da suga, abin da Inna take yi wa ƙannena shi ne, da dare a jiƙa ƙafa a ruwan ɗumi minti 10 zuwa 15, a goge kaushin da dutse a hankali, ba har sai ya yi ja ba, a cika wurin da man kaɗe, a sa safa a kwanta. Mako guda ana yi za ka ga bambanci. Da rana kuma takalmi mai rufin dunduniya, don silifa shi ke barin ƙura da iska su yi ta dukan wurin. Leɓe in ya tsage, a daina lasa, miyau na bushewa yake ƙara tsaga shi. Man kaɗe kaɗan, ko zuma da dare ga babba. Yaran da ke haɓo saboda bushewar hanci, ɗan mai a bakin hancin yana taimakawa. In kuwa ka yi duk wannan mako biyu ko uku ƙaiƙayin bai lafa ba, ko ka ga wurin yana ruwa ko yana ɓawo, ka je ka ga likita, wataƙila kirci ne ko wani abu daban. Kana ƙasar da asibiti ke kusa, kada ka yi irin ta Baba.

Samun man kaɗe na gaskiya shi ne aiki yanzu. Mu nan kaɗanya ta yi ƙaranci, daga wajajen Neja da Kebbi da Kwara ake kawo yawancinsa, kuma a hanya wasu ke cakuɗa shi da wani mai. Na ainihi yana da ɗan ƙaurin hayaƙi, kana murza shi a tafi yake narkewa. Ka ji cewa a watan Agusta 2025 gwamnatin tarayya ta hana fitar da ɗanyar ƙwarar kaɗanya waje na wata 6, don a riƙa sarrafa ta a gida? An ce Najeriya ke samar da kusan kashi 40 cikin 100 na ƙwarar duniya, amma ribar man wasu ƙasashe ke ci. Niyyar ta yi mini, sai dai tausayina yana ga matan da ke tsintar ƙwarar a daji, don farashinta ya faɗi a hannunsu bayan sanarwar. Ga masu gawayi suna ta sare itacen, itacen da kan shekara 15 ko fiye kafin ya fara 'ya'ya.

Gawayi ma ya tuna mini, satin da ya wuce saura ƙiris a yi rashi a unguwar gabas. Mata da 'ya'yanta biyu suka kwana da kaskon garwashi a ɗaki, ƙofa da taga a rufe. Allah ya sa maƙwabciya ta leƙa da asuba ta same su a galabaice. Sun farfaɗo. Liman ya yi magana a kai ranar Juma'a.

Inna ta haɗa maka man kaɗe da riɗi gwangwani biyu, da kuka da daddawa da yaji. Ta so ta sa man shanu da kilishi, na ce mata ba a barin matafiyi ya shiga Ingila da nama ko kayan madara daga nan, a filin jirgi za a karɓe. Ba ta ji daɗi ba, ta ce wace irin ƙasa ce wannan. Yayan matarka zai shiga Kano ranar Litinin, shi zai kai wa mutumin da ka ce zai taso ƙarshen wata. Ka turo mini lambarsa da wuri.

Ni kuma ga tawa buƙatar. Ka nemo wa Baba safa mai taushi, ta auduga, wadda bakinta ba ya matse ƙauri, an ce akwai wadda ake yi musamman don masu suga. Ƙafarsa lamba 43 ce. In da hali ka haɗo da abin gwada suga na gida da 'yan takardun da ake ɗiga jini a kai, don zuwa asibiti kowane gwaji yana ba shi wahala a babur. Ka kuma kira shi da kanka ka ce ya zauna a gida har ciwon ya rufe, ya fi jin maganarka a kan tawa.

Ka gai da mutanen Kano da ke wurinku. Uwargida da yara suna gaishe ka.

Wassalam,
Naka, abokinka na gindin darbejiya