Rawani naɗa shi ake yi, zane kuma a ɗaura

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan alheri, ina roƙon ka ba ni fili domin in ja hankalin masu fassara labarai daga Turanci a kan wani sakaci da ya fara zama jiki a jaridu da gidajen rediyo, wato mayar da kowace kalmar Turanci da ta shafi sa tufafi zuwa "sanya", ko da kuwa Bahaushe bai saba haɗa wannan kalma da tufar da ake magana a kanta ba.

Turanci yana da kalmomi masu kusancin ma'ana a wannan fage, kuma kowace da inda ta fi zama. "Put on" tana nufin aikin a lokacin da ake yin sa, "wear" kuma halin da mutum yake ciki bayan tufa ta hau jikinsa, "dress" kuwa shiryawa ce gaba ɗaya, ko mutum ya shirya kansa ko ya shirya yaro. Sai "don", wadda 'yan jarida suke so a kanun labarai saboda gajartarta. Asalinta "do on" ne aka dunƙule, kamar yadda kishiyarta "doff" ta fito daga "do off". Abin lura shi ne, babu ruwan waɗannan kalmomi da irin tufar, domin da kalma ɗaya Bature yake sa hula da takalmi da tabarau har da turare.

Hausa ba haka take tafiya ba. Bambancin aiki da hali muna da shi tsakanin "ya sa riga" da "yana sanye da riga", amma bayan wannan Bahaushe yana duba yadda tufar take haɗuwa da jiki. Turmin atamfa ɗaya ya isa misali: idan mace ta zagaya shi a ƙugu ta soke bakinsa, ta ɗaura zane ke nan, idan ta jefa shi a kafaɗa ko a ka za ta shiga maƙwabta, ta yafa, idan sanyi ya sa ta rufe jikinta duka da shi, ta lulluɓa. Wanda ya rubuta "ta sanya zane" ya hana mai karatu ganin ko ɗaya daga cikin waɗannan. Haka ake kafa hula, a zura wando, a rataya takobi, a saɓa hannun babbar riga a kafaɗa.

Inda abin ya fi damuna shi ne lokacin aikin Hajji, sa'ad da ake cewa maniyyata sun sanya ihrami a Zulhulaifa, miƙatin da ke kusa da Madina. Haramin namiji fararen ƙyallaye ne guda biyu marasa ɗinki, ɗaya a ɗaura a ƙugu, ɗaya a yafa a kafaɗa, shi ya sa alhazanmu tun kaka da kakanni suke cewa sun ɗaura harami. Kayan da ake zurawa, irin su riga da wando, su ne ma aka hana shi, saboda haka kalmar "ɗaura" tana ɗauke da hukuncin a cikinta. Rawani ma haka: naɗa shi ake yi, daga nan bikin sarauta ya samu sunan naɗi, wanda aka cire kuma a ce an tuɓe shi. Turancin Nijeriya da kansa sai da ya samar da "turbaning" domin ya kamo wannan ma'ana, don haka abin takaici ne a ji jaridar Hausa tana cewa an sanya wa hakimi rawani.

Ba ina cewa "sa" da "sanya" da "saka" kuskure ba ne; su ne daidai ga riga da takalmi da zobe, kuma na san mai fassara yana aiki ne cikin gaggawa. Roƙona shi ne, kafin ya rubuta, ya tambayi kansa wace tufa ce kuma yaya take hawa jiki, ku kuma editoci ku ajiye ƙamusun Bargery na 1934 da na Jami'ar Bayero na 2006 a ɗakin labarai, ku riƙa gyara irin waɗannan wurare kafin labari ya fita.

Na gode. Allah ya ƙara wa jarida albarka.

Naka,
Mai karatu daga Zariya