Takardar Koke Zuwa Ga Mai Martaba Shehun Borno Kan Tunawa Da Laftanar Kanar Muhammad Abu Ali

Zuwa ga Mai Martaba Shehun Borno,
Alhaji Abubakar Ibn Umar Garbai El-Kanemi,
ta hannun hakiminmu.

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Allah ya ja zamanin Shehu, ya ƙara lafiya da nisan kwana. Mu ne talakawanka na Baga da Doron Baga a ƙaramar hukumar Kukawa: masunta, masu bandar kifi, manoman bakin tafki, direbobi da 'yan kasuwa, Barebari da Hausawa da sauran waɗanda neman abinci ya tara a bakin Tafkin Chadi. Mun durƙusa gabanka da roƙo a kan wani bawan Allah da muke jin nauyinsa a wuyanmu, marigayi Laftanar Kanar Muhammad Abu Ali.

Ranka ya daɗe, ka fi mu sanin abin da ya faru ranar 3 ga Janairun 2015, amma ka yi mana haƙuri mu faɗa, don mu aka yi wa. Ranar ce 'yan Boko Haram suka ci barikin sojojin haɗin gwiwa da ke Baga, suka juyo kan gari. Kwanaki aka yi ana kisa da ƙone-ƙone. Hotunan tauraron ɗan Adam da ƙungiyar Amnesty ta fitar sun nuna gine-gine fiye da 3,700 da aka ƙona ko aka lalata a garuruwan nan biyu, mafi yawansu a Doron Baga. Wanda ya samu jirgin ruwa ya faɗa tafki, wasu suka maƙale a tsibirai cikin sauro da yunwa, wasu ruwa ya ci su, wasu suka tsallaka Chadi. Sauranmu muka bi daji da ƙafa har Maiduguri. A cikin masu sa hannu a wannan takarda akwai uwar da har yau ba ta san inda ɗanta ya kwanta ba.

Muna zaune a sansani, mun fara fid da rai da gida, sai labari ya iso a watan Fabrairu cewa sojoji sun karɓe Monguno, kwanaki kaɗan bayan haka kuma sun shiga Baga. Wanda ya ja tankokin yaƙi a wannan tafiya Abu Ali ne, lokacin yana Manjo. A watan Satumba na shekarar, Janar Tukur Buratai, babban hafsan sojin ƙasa na lokacin, ya je har Gamboru Ngala ya ɗaura masa anini na Laftanar Kanar a fagen daga. Ranar 4 ga Nuwamban 2016 da dare, mahara suka afka wa sansanin soja a Malam Fatori, kan iyakar Nijar, a nan ya yi shahada tare da wasu daga cikin yaransa. Aka binne su a maƙabartar sojoji ta Abuja ranar 7 ga wata. Allah ya jiƙansu.

Abin da ke taɓa mana zuciya shi ne, wannan yaro ba shi da gona a Baga, ba shi da jirgi, ba shi da ko koma ɗaya a tafki. Ɗan sarki ne daga ƙasar Bassa-Nge a jihar Kogi, mahaifinsa Birgediya Janar ne da ya taɓa mulkin jihar Bauchi. Irinsa da yawa sukan samu inuwar da za su fake. Shi ya tsaya a inda wuta take, har ya bar mata da ƙananan yara.

Sojoji sun yi nasu, sun sa sunansa a filin gwajin harbi da ke dajin Sambisa. Amma talaka ba ya zuwa Sambisa. Mu kuma an sake tarwatsa mu a Disambar 2018, sai a 2020 gwamnati ta fara mayar da mu gida. Yaran da aka haifa a sansani yanzu su ne ke cika azuzuwa, ka ambaci Abu Ali su tsaya suna kallonka. Wannan shi ne ya hana mu yin shiru.

Ba mutum-mutumi muke so ba, addininmu bai yarda da shi ba. Roƙonmu shi ne Mai Martaba ya kai maganarmu gaban Gwamna da shugaban ƙaramar hukuma, a sa wa makaranta ɗaya a cikin Baga sunan Muhammad Abu Ali. Mun zaɓi makaranta maimakon titi, domin sunan da yaro ke rubutawa kullum a bangon littafinsa, dole wata rana ya tambayi mai shi.

A ƙofar makarantar muna son a haƙa rijiyar burtsatse, ladan ya tafi gare shi. Mun amince a tsakaninmu kowane mai jirgi da mai rumfa zai kawo abin da ya sawwaƙa. Izini da fili muke nema, da hannun gwamnati a inda ƙarfinmu ya ƙare. A jikin tankin ruwan a rubuta sunansa da na duk sojojin da suka faɗi tare da shi a daren nan, Musulminsu da Kiristansu. Rundunar soja na da sunayen, kuma kalma ɗaya daga fada za ta sa a ba mu su.

Muna kuma roƙon a umarci limamanmu su riƙa sa shi cikin addu'a a Juma'ar farko ta kowane Nuwamba, tare da dukan mutanenmu da suka rasu a tafki da daji. In Allah ya nufa aka yi bikin buɗewa, a gayyato iyalansa, 'ya'yansa su ga garin da ubansu ya ƙwato, su ji godiya daga bakinmu.

Kukawa gidan kakanninka ne, ranka ya daɗe, mu kuma baƙinsu ne da suka zama 'yan gida. Muna jiran abin da ka yanke.

Allah ya ja zamanin Shehu.

Talakawanka masu biyayya,
Dattawa, malamai, mata da matasan Baga da Doron Baga.
Sunaye da dangwalen yatsa na haɗe da wannan takarda.