Godiya ga ma'aikatan Gidan Tarihi na Cernuschi a Paris

Bayan gaisuwa da fatan alheri, na rubuto ne in gode muku a bainar jama'a saboda karɓar da kuka yi wa mahaifina.

Baba ya tsufa yana zubin tukwanen alminiyam a Yamai, ganin likita ne ya kawo shi Faransa. Kafin mu zo wurinku mun sha wuya a wasu manyan gidajen tarihi na birnin nan: dogon layi cikin sanyi, kuɗin shiga mai tsada, ga mai gadi yana bin babbar rigarsa da kallo kamar wanda ya zo sata. Ransa ya ɓaci har ya ce kada in ƙara kai shi ko'ina. Da ƙyar na lallashe shi muka zo gidanku da ke gefen lambun Monceau, wanda Henri Cernuschi ya bar wa birnin Paris da kayan da ya saya a tafiyarsa ta Asiya tsakanin 1871 da 1873, aka buɗe shi a 1898. Shiga kyauta ce.

Wata ma'aikaciyarku ta hango Baba dogare da sanda gaban tulun tagullar nan na daular Shang ta Sin, mai siffar damisa rungume da mutum, wanda ya kai shekara 3,000. Ba mu roƙa ba ta kawo masa kujera. Ya ce in tambaye ta yadda aka yi zubin. Ta tsaya ta bayyana cewa mutanen Sin na lokacin gutsi-gutsin yumɓu suke harhaɗawa, zanen yana cikinsu, sannan su zuba narkakkiyar tagulla, wato jan ƙarfe da kuza. Ina fassara, amma shi take kallo in tana magana. Wallahi wannan ya fi komai taɓa ni. Baba ya yi ta gyaɗa kai, ya ce lallai magabatan nan sun san wuta. Allah ya saka mata da alheri.

Abin da ke damuna shi ne yadda irin wannan ya zama abin mamaki. A asibiti, a ofishin takardu, a tashar jirgin ƙasa, dattijon da ba ya jin Faransanci sai a mayar da shi kaya, a yi ta magana da ɗansa shi yana tsaye. A ofisoshinmu na gida ma, talaka kan wuni a benci ba wanda ya tambaye shi me ya kawo shi.

Naku,
Wani ɗan Nijar mazaunin Paris