Dattawan Legas masu rage sitaci su haɗa kai, kada kowa ya yi shi kaɗai

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Muna roƙon ka ba mu fili a wannan jarida mai farin jini, mu yi magana da iyayenmu dattawa mazauna Legas, na Agege da Idi-Araba da Mile 12 da Obalende da Alaba Rago, da kuma mata da 'ya'yan da ke riƙe da tukunyarsu. Mu ma'aikatan lafiya ne, cikinmu akwai masu aikin jinya da masu ilimin abinci.

Maganar barin tuwo da shinkafa da burodi ta yaɗu cikin masu ciwon sukari da masu ƙiba, galibi ta WhatsApp. Maganar tana da tushe. A 2019 ƙungiyar masana ciwon sukari ta Amurka ta fitar da rahoton da ya ce rage sitaci da kayan zaƙi shi ne salon cin abincin da ya fi samun hujja wajen saukar da sukarin jini. Sai dai abin da ɗan shekara 35 zai yi ya tashi ƙalau, shi ne zai iya kayar da ɗan shekara 70 a banɗaki. Don haka ra'ayinmu shi ne dattijo ya shiga wannan tsari cikin rukunin tsararrakinsa, da sanin likitansa.

Dalili a fili yake. Da yawa cikin iyayenmu maza a nan iyalinsu na Arewa, karin kumallonsu na wurin mai shayi, na rana na wurin mai abinci. Masu iyali kuma tukunya ɗaya ake yi wa gida, Baba ya bar rabin malmala Hajiya ta ɗauka girkinta ne aka raina. Ga kunya: dattijo ba zai faɗa wa ɗansa jiri ya ɗebe shi a sahun sallah ba, amma zai faɗa wa tsaransa, musamman in ya ji shi ma hakan ta taɓa faruwa da shi.

Rukunin kada ya wuce mutum 6 zuwa 8, in ya fi haka wasu za su yi shiru. Maza su zauna bayan La'asar a harabar masallaci ko majalisa, mata a makarantar islamiyya, sau ɗaya a mako, minti 40 ya isa. A tafiyar da shi kamar adashi: mutum ɗaya ya riƙe littafi da kuɗin zubi, da kuɗin a sayi awon hawan jini, sikeli, tsinken gwajin sukari, da kofi guda da kowa zai riƙa auna abinci da irinsa. Allurar huda yatsa da alƙalaminta kuwa kowa da nasa, ko miji da mata ba sa haɗawa, saboda ciwon hanta na bi ta jini. Wadda ke girki a gida a gayyato ta zaman farko, ko a kira ta a waya a yi mata bayani, domin ludayin yana hannunta.

Abin da ake rubutawa a littafi shi ne sukarin safe kafin a ci komai, sukarin awa 2 bayan babban abinci, hawan jini, nauyi, da abin da aka ci jiya. Ga yawancin masu ciwon sukari ana son na safe ya zauna tsakanin 80 da 130, na bayan abinci ƙasa da 180, amma likita kan sassauta wa wanda ya manyanta ko yake da wata larurar. A duba ma'aunin na'urar gwajin sukari tun da farko. Wata tana nuna 126, wata 7.0, kuma abu ɗaya suke faɗa, in aka ninka ƙaramar lambar sau 18 za a sami babbar. Rashin sanin wannan ya sha tayar wa mutane hankali a banza.

Ba mu ba dattijo shawarar tsarin nan mai tsanani na cin sitaci giram 20 zuwa 50 a rana. Giram 100 zuwa 130, a raba uku, ya wadatar, kuma shi ne mutum zai iya ɗorewa a kai shekara da shekaru. Ga yadda lissafin yake: kofi ɗaya na dafaffiyar shinkafa ya kai giram 45. Malmala mai girman dunƙulen hannu, ta tuwon masara ce ko teba ko sakwara ko semo, wajen 40 zuwa 50. Rabin nauyin burodin Agege sitaci ne, wato yankan giram 200 yana ɗauke da kusan 100. Robar lemo ta 50cl ta haura 50, maltina ma ba ta gaza ba. Ƙwayar sukari ɗaya giram 4. Wanda ya karya da shayi mai kauri da rabin burodi, ya ci shinkafa kofi 3 da lemo da rana, ya rufe da malmala 2 da dare, ya doshi 400 bai sani ba.

Saukowar a yi ta mataki-mataki. Mako 2 na farko abin sha kawai za a taɓa: lemo, maltina, kunun zaƙi, zoɓo mai sukari, da Milo da madarar gwangwani mai zaƙi a shayi. Mai shayi na iya haɗa baƙin shayi da citta da 'yar madara, ya soya ƙwai 2 da albasa da tumatir, in abokan ciniki 6 suka nema tare ba zai ƙi ba. Mako na 3 da na 4 a raba tuwo ko shinkafa biyu, a cike gurbin da miya da ganye. A nan Legas ta yi mana gata, don bayan kuka da kuɓewa da taushe da zogale da rama, ga miyar ganyen Yarabawa, ga agushi, ga lalo da suke kira ewedu, duk sitacinsu kaɗan ne. A fara cin miya da kifi, tuwo ya zo daga baya. Wanda ya yi tattaki na minti 10 zuwa 15 bayan abinci zai ga bambanci a na'ura.

Inda muka fi jin tsoro shi ne magani. Wanda ke allurar insulin, ko yake shan glibenclamide da ake sayarwa da sunan Daonil, ko glimepiride, ko gliclazide, an auna masa maganin ne daidai da tuwon da yake ci. In tuwo ya ragu magani yana nan yadda yake, sukari zai faɗi. Alamunsa gumi, rawar hannu, faɗuwar gaba, yunwa mai tsanani. A tsofaffi sau da yawa waɗannan ba sa fitowa, sai dai a ga mutum ya rikice, yana magana ba kan gado, ko barci ya danne shi a lokacin da bai saba ba, a ce tsufa ne ko iska. In na'ura ta nuna ƙasa da 70, a ba shi ƙwayar sukari 4 ko rabin kofin lemo mai sukari, a jira minti 15 a sake gwadawa, in bai hau ba a maimaita, in ya hau ya ci abinci. Wanda ya suma ba a ɗura masa komai a baki, a kwantar da shi ta gefe a nufi asibiti, ko a kira 112 ko 767. Mai shan Daonil ko ya farfaɗo a kai shi a duba, domin maganin na daɗewa a jiki kuma sukarin na iya sake faɗuwa cikin dare. Kowane ɗan rukuni ya riƙa yawo da ƙwayoyin sukari a aljihu da takardar sunayen magungunansa, cunkoson Legas na iya riƙe mutum awa 3 a danfo bayan ya sha magani bai ci komai ba.

Maganin metformin shi kaɗai da wuya ya kayar da sukari. Amma masu shan Jardiance ko Forxiga kada su yanke sitaci sosai sai likita ya amince, domin jininsu na iya yin tsami mai haɗari alhali na'ura tana nuna sukari daidai. Amai, ciwon ciki da numfashi sama-sama a wurin irin wannan mutum maganar asibiti ce nan take.

Hawan jini ma yakan sauka. In sitaci ya ragu, ƙoda na zubar da gishiri da ruwa fiye da da, shi ya sa kilo 1 ko 2 da ke zubewa a makon farko yawanci ruwa ne, kada a yi murna da wuri. Mai shan maganin hawan jini, musamman mai sa fitsari, zai iya jin jiri in ya ɗago daga sujada ko ya tashi daga tabarma. Faɗuwa a wannan shekaru na nufin karayar ƙugu. A auna hawan jini a zaune, a sake aunawa bayan an tsaya minti 1, in lambar sama ta faɗi da 20 ko fiye a kai wa likita littafin. A sha ruwan leda 3 zuwa 4 a rana, sai dai wanda aka ƙayyade wa ruwa saboda zuciya ko ƙoda. Aikin rukuni ya tsaya a kan gani da rubutawa da raka mutum asibiti. Rage ƙwaya ko ƙara ta na likita ne, ko da a cikin rukunin akwai tsohon ma'aikacin kemis.

Wani kuskuren kuma shi ne a rage tuwo a bar gurbin fanko. Tsoka tana zubewa da shekaru dama, in aka haɗa da yunwa sai mutum ya kasa tashi daga kujera. Dattijon da ƙodarsa ke lafiya yana buƙatar sinadarin gina jiki giram 1 zuwa 1.2 a kan kowane kilo na nauyinsa, wato mai kilo 65 yana neman 65 zuwa 78 a rana. Ƙwai ɗaya 6 ne, kifi ko nama mai faɗin tafin hannu 20 zuwa 25, kofin kindirmo wajen 8. Awara, kifin panla da titus, da gyaɗa sun fi nama sauƙin kuɗi, kuma rukuni na iya haɗa kuɗi ya sayi kiret ɗin ƙwai ko kwandon kabeji a Mile 12 a raba. Ganda tana da daɗi a miya amma kada a lissafa ta a matsayin nama. Wake yana da sitaci, kofi ɗaya ya kai 35, sai dai yana hawa jini a hankali, don haka alale ko rabin kofin wake ya fi burodi nesa ba kusa ba. Marar haƙori a yi masa dambun nama, farfesun kifi ko dafaffen ƙwai. Kafin a ƙara nama da ƙwai a yi gwajin ƙoda, kuma a sake gwajin kitsen jini da na HbA1c, mai nuna matsakaicin sukarin jini na watannin baya, bayan wata 3.

Akwai abincin da ake sayar wa mutane da sunan na masu sukari. Tuwon alkama, acha, garin ɗanyar ayaba, duk sitaci ne, malmalarsu ba ta yi nisa da ta semo ba. Cokalin zuma babba ya kai giram 17. Dabino ƙarami 5 zuwa 6, manyan nan masu laushi da ake kawowa tsaraba kuwa ɗaya na iya kai 18. Ba a buƙatar musu a kan ko ɗaya: a gwada kafin a ci, a gwada bayan awa 2, a karanta a gaban kowa. Wannan shi ne amfanin rukuni da ba a samu a takardar asibiti, mutum ya ga sakamakon acha a jinin maƙwabcinsa.

Ga wanda ba ya jin ya ci abinci sai ya yanki loma, akwai tuwon kabeji. A yanka rabin kabeji a niƙa da ɗan ruwa, a matse a tsumma mai tsabta har ya bushe, a zuba a tukunya a wuta kaɗan minti 5, a barbaɗa babban cokali ɗaya na garin psyllium, wato garin ɓawon wani iri mai sa abu ya yi kauri, ana tuƙawa har ya kama. In ya yi ruwa, matsar ce ba ta isa ba. Garin yana taimakon masu bushewar ciki, amma a bi shi da ruwa sosai, kuma a bar awa 2 tsakaninsa da shan magani. Gaskiya ba zai yi ɗanɗanon tuwon shinkafa ba, miya ce ke ɗauke da shi.

Azumi a fara shirinsa mako 6 zuwa 8 kafin Ramadan, a je wurin likita ya gyara lokacin magani da yawansa. Kada a fara rage sitaci a cikin watan. Gwajin yatsa ba ya karya azumi, kuma ƙa'idar da likitoci ke bi ita ce a karya azumi in sukari ya sauka ƙasa da 70 ko ya haura 300. 'Yan rukuni su riƙa kiran juna da Azahar da La'asar. A bikin aure ko suna, wanda ya je da abokinsa ya fi iya cewa a zuba masa rabi ba tare da mai gida ya ji an ƙi abincinsa ba. Wanda ya ci dafa-duka ya sha lemo ya dawo da 250 a littafi, a rubuta a wuce. Rukunin da ake yi wa mutum dariya ko faɗa, mako mai zuwa lambar ƙarya zai kawo, daga nan ya daina zuwa. Haka kuma a hana tallar magani a zaman, na gargajiya ne ko na kanti.

Wasu ba su dace da wannan tsari ba sai da kulawar ƙwararre: siririn dattijo mai ramewa ba dalili, mai ciwon ƙoda, mai ruɗewar tsufa da ke zaune shi kaɗai, da wanda bai daɗe da tashi daga jinya ba. Su zo zaman, a auna su, amma kada a taɓa kwanonsu.

Roƙonmu ga sarakunan Hausawan unguwanni da limamai da malaman islamiyya shi ne su ba da wurin zama, su kuma nemo wa kowane rukuni ma'aikacin lafiya ɗaya mai jin Hausa da zai leƙo sau ɗaya a wata ya duba littafi. Da yawa cikin iyayenmu mata ba sa jin Turanci ko Yarabanci sosai, don haka ranar ganin likita a asibitin koyarwa na LUTH da ke Idi-Araba, ko na LASUTH a Ikeja, ko babban asibitin Orile-Agege, ɗaya daga cikin rukuni ya raka su, da littafin da ledar magungunan gaba ɗaya, har da waɗanda aka saya a kemis.

Wassalam.

Daga wasu ma'aikatan lafiya,
Agege, Legas.