Gadon da aka ɗora 'yan sama-jannati a kai ba gadon ciwo ba ne

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ka da aiki, kai da abokan aikinka. Ni tsohuwar ma'aikaciyar jinya ce, na yi shekara talatin da ɗoriya ina sa farin kaya, mafi yawansu a ɗakin masu karaya, kafin in ajiye aiki. Ban taɓa rubuto wa jarida ba. Abin da ya sa na ɗauki biro yau wata gardama ce da ta ƙi mutuwa a gidanmu tun azumin 2025, kuma na lura ba a gidanmu kaɗai ake yin ta ba.

Daren 18 ga Maris ne, an daɗe da saukowa daga asham, jikana ya shigo da waya a hannu yana cewa, "Hajiya, zo ki ga mutanen nan da suka maƙale a sama, ga su sun dawo." Muka taru a kan tabarma muna kallo. Kumbon Dragon na kamfanin SpaceX ya sauko rataye da laima huɗu, ya faɗa teku kusa da gaɓar Florida. Aka jawo shi kan jirgin ruwa, aka buɗe ƙofa, aka riƙa fito da su ɗaya bayan ɗaya. Suni Williams, 'yar sama-jannatin Amurka, ta fito tana murmushi tana ɗaga hannu, amma mutane ne riƙe da ita ta kowane gefe, kuma nan take suka ɗora ta a kan gado mai taya. Haka aka yi wa abokin tafiyarta, Butch Wilmore. Ƙanen maigidana, wanda ya zo mana hira, ya buga cinya ya ce, "Shi ke nan, sun nakasa. Ba dai za a faɗa mana ba ne." Na ce masa, "Alhaji, ba nakasa ba ce, na san wannan tashin." Ya yi dariya ya ce yaushe na je sama har na sani.

Ban je sama ba, ko jirgi sau biyu na taɓa hawa, zuwa Makka da dawowa. Amma na tayar da mutanen da suka yi wata uku ƙafarsu ba ta taka ƙasa ba, ba ɗaya ba ba goma ba. Akwai wani yaro ɗan acaɓa da ba na mantawa da shi. Mota ta buge shi, ƙashin cinyarsa ya karye, aka rataye ƙafar da nauyi kamar yadda ake yi a wancan lokacin, ya yi mako goma sha biyu a kwance. Da aka kawo shi ƙato ne, ƙwaurinsa kamar taɓarya. Ranar da likita ya ce a fara tayar da shi, na yaye zanen gado, sai ga ƙafar da ba ta karye ba, mai lafiyar, ta koma kamar sillen kara. Muka zaunar da shi a bakin gado ni da wata abokiyar aikina. Bai yi minti ɗaya ba gumi ya keto masa, leɓensa ya yi fari, ya riƙe rigata ya ce, "Sista, ƙasa tana juyawa, ki kwantar da ni." Mahaifiyarsa ta taso mini, "Ke 'yar nan, ki ji tsoron Allah, ki bar shi ya huta!" Na ce, "Inna, hutun ne ya mayar da shi haka."

To, abin da na gani a wayar jikana ke nan, shi ya sa ban razana ba. Na yi ta karatu a kan lamarin tun daga ranar, jikan nawa yana nemo mini ina sa tabarau, kuma duk abin da na karanta sai in ga na san shi daga ɗakin masu karaya. Jikin ɗan Adam ba ya ciyar da abin da ba ya masa aiki. Ƙashi ba busasshen icce ba ne kamar yadda mutane suke zato, kullum ana rushe shi ana sake gina shi, kuma nauyin da yake ɗauka shi ke sa a ci gaba da ginin. A tashar sararin samaniya ta ƙasa da ƙasa, mai nisan kilomita 400 daga nan, babu abin da ƙafa ke ɗauka, mutum shawagi yake yi dare da rana. Rushewa ta ci gaba, gini ya ja baya. Ƙashin ƙugu da na gadon baya kan yi asarar kashi 1 zuwa 1.5 cikin ɗari a kowane wata, wato kusan abin da tsohuwa irina ke rasawa a shekara guda. Sinadarin kalsiyam ɗin da ya zube yana bin fitsari, daga nan sai a fara fargabar tsakuwar ƙoda. Mu ma mun sha ganin tsakuwar nan a wurin waɗanda suka daɗe a kwance, shi ya sa muke matsa musu da shan ruwa har su riƙa jin haushinmu.

Jiri kuwa daga jini yake. A nan ƙasa, jini yana son taruwa a ƙafafu, zuciya da jijiyoyi sun saba da kokawar mayar da shi sama. A can babu sama babu ƙasa, sai ruwan jiki ya hau kai, fuska ta kumbura, hanci ya toshe kamar mai mura, ƙafafu su tsuke. Jiki ya ɗauka ruwa ya yi masa yawa, ya zubar da wani. Ranar dawowa, ragowar ya gangara ƙafa a lokaci guda, ƙwaƙwalwa ta rasa rabonta. Ga kunnen ciki, wanda ke gaya wa mutum inda ƙasa take, ya yi watanni yana zaman banza. Wanda ya bar irin wannan mutum ya taka da kansa a kan jirgin ruwa mai tangaɗi, ai shi ne bai san aikinsa ba.

Abin da ya fi ba ni dariya, masu binciken ma gado suka koma. A birnin Cologne na Jamus akwai cibiyar da ake ɗaukar mutane masu lafiya, a biya su, su kwanta kwana 60 cur, kai ya ɗan yi ƙasa da ƙafa, a nan za su ci, a nan za su yi wanka, a nan za su kama ruwa, don kawai a ga abin da sararin samaniya ke yi wa jiki. Na ce wa Alhaji, ka ga ashe ɗakinmu ma tashar sama-jannati ce ba mu sani ba, sai dai mu marasa lafiyarmu su ne ke biya.

Ban ce tafiyar mutanen nan biyu ta yi daɗi ba. Sun tashi ranar 5 ga Yunin 2024 a kumbon Starliner na kamfanin Boeing, gwaji ne na kamar kwana takwas. Iskar hiliyom ta riƙa yoyo, biyar daga cikin ƙananan injina 28 da ke juya kumbon suka ɗauke a daidai lokacin da suke matsowa kusa da tashar. Hukumar binciken sararin samaniya ta Amurka, NASA, ta yi ta nazari, a watan Agusta ta yanke shawarar ba za ta sa mutane a ciki ba, kumbon ya dawo babu kowa a Satumba. Kwana takwas suka zama 286. Wilmore yana da shekara 62 lokacin da suka sauko, Williams 59, sa'o'in ƙannena ke nan, ba yara ba. Kuma a matsayina na wadda ta ci albashin gwamnati, na yi murmushi da na ji cewa ba a biya su kuɗin ƙarin lokaci ba, sai alawus na dala 5 a rana. Ma'aikacin gwamnati dai ko a sama yake, ma'aikacin gwamnati ne.

Inda nake da ƙorafi, Malam Edita, shi ne yadda aka ba mu labarin. Gidajen rediyo da jaridu, har da na Hausa, sun tsaya a kan kalma ɗaya, "sun maƙale", sai kuma cacar bakin 'yan siyasar Amurka a kan wa ya bar su wa ya ceto su. Ban ji wanda ya zauna ya gaya wa mai sauraro cewa a duk waɗannan watanni suna motsa jiki wajen awa biyu kowace rana ba fashi, suna gudu a kan na'ura an ɗaure su da igiyar roba don kada su tashi sama, suna ɗaga nauyin da injin ke ƙirƙira musu tunda ƙarfe ba shi da nauyi a can. Ba kwalliya ba ce, magani ne, kuma duk da haka ba ya hana asarar, rage ta kawai yake yi. Ban kuma ji an ce bayan saukowa akwai kwana 45 na gashin ƙashi da koyon tafiya da ke jiran kowannensu ba. Da an faɗi wannan, da ƙanen maigidana bai ga gado ya yanke hukunci ba. In aka bar mutum da hoto babu bayani, zai cike gurbin da abin da ya ga dama.

Kada kuma a ce na mayar da abin wasa. Akwai wanda gashi ba ya gyarawa da sauri. Masu bincike a Jami'ar Calgary ta Kanada sun bi diddigin 'yan sama-jannati 17, suka fitar da sakamako a 2022: shekara guda bayan dawowa, fiye da rabinsu ƙashin ƙwaurinsu bai koma yadda yake ba. Ido ma yana taɓuwa, bayan ƙwayar idon yakan ɗan baje, wasu su tafi da gani garau su dawo suna neman tabarau. Scott Kelly, ɗan sama-jannatin Amurka wanda ya yi kwana 340 a sama tsakanin 2015 da 2016, ya ba da labarin yadda ƙafafunsa suka kumbura da ya dawo, fatarsa kuma tana masa zafi duk inda ta taɓa kujera ko zanen gado, don ta manta da a danne ta. Tafin ƙafa kan yi laushi kamar na jariri, kanta ta koma saman ƙafa, inda suke maƙalewa da ƙarfe don su tsaya wuri ɗaya.

Wanda ya fi tsaya mini a rai shi ne labarin wani ɗan sama-jannati, ba a bayyana sunansa ba, da aka gano gudan jini a babbar jijiyar wuyansa yana wata na biyu a tashar. Duk wanda ya yi aiki da masu karaya ya san tsoron gudan jini. Mutum yana hira da kai, ya ɓalle ya tafi huhu, kafin ka kira likita an gama. Likitoci daga ƙasa suka riƙa duba shi ta na'urar hoto, ya riƙa yi wa kansa allurar tsinka jini, ana tattalin ɗan abin da ke akwai, har kumbon kaya ya kawo masa ƙwayoyi. Ya gama wa'adinsa ya dawo lafiya. Amma dubi abin da ya cece shi: likita yana magana yana ji nan take, magani ya zo daga gida, kuma da abin ya ɓaci, cikin awoyi za a iya sauko da shi.

Wannan ne ya sa idan na ji ana cika baki da zuwa duniyar Mars nake yin shiru. Tafiyar kaɗai wata shida zuwa tara ce. Magana takan ɗauki har fiye da minti 20 kafin ta isa idan duniyoyin biyu suka yi nisa da juna, amsa ta sake ɗaukar wani minti 20. Ka ce wa likita mara lafiya ya daina numfashi, ka jira minti arba'in! Babu kumbon kaya, babu juyowa. Na san za a kawo mini Valeri Polyakov, likitan nan ɗan Rasha da ya yi kwana 437 a tashar sararin samaniya ta Mir daga 1994 zuwa 1995, wanda da ya sauko ya ƙi a ɗauke shi, ya taka 'yan taku da ƙafarsa zuwa kujera don ya nuna ana iyawa. Na jinjina masa. Na kuma yarda nauyin mutum a Mars bai kai kashi 40 cikin ɗari na nauyinsa a nan ba, wannan sauƙi ne. Sai dai Polyakov kujera ya nufa, likitoci na kewaye da shi. Wanda ya sauka a Mars shi zai buɗe wa kansa ƙofa, ya sauko tsani sanye da kaya masu nauyi, da ƙugun da ya yi wata takwas yana zubewa. In ya zame ya karye, abokan tafiyarsa da ke fama da nasu jirin su ne masu ɗori. A daren nan na 18 ga Maris na ƙirga hannuwan da suka taru a kan mace ɗaya kafin a fito da ita daga ƙofar kumbo, na kasa gamawa.

Roƙona gare ka, idan wasu suka sake saukowa kuka buga hotonsu a kan gado, ku nemi likitan ƙashi ko mai gashin ƙashi ya yi wa masu karatu bayani ko da sakin layi biyu ne, ku kuma biyo mu da hotonsu bayan kwana 45 ɗin. Zai taimaki masu jinya a gida, waɗanda ke hana tsohonsu tashi daga shimfiɗa saboda tausayi. Yaron nan ɗan acaɓa sai da ya yi kwana tara kafin ya iya tsayawa da sanduna ba tare da idonsa ya yi duhu ba, mahaifiyarsa kuwa ba ta amsa gaisuwata ba sai ranar da aka sallame su.

Shi dai Alhaji har yanzu yana kan bakansa. Na nuna masa bidiyon su biyun suna zaune suna amsa tambayoyin 'yan jarida mako biyu bayan dawowarsu, ya ce ai a zaune suke.

Na gode, Allah ya ƙara basira.

Wata tsohuwar ma'aikaciyar jinya,
daga Zariya.