Shayin rage ƙiba da abincinmu na gida

Malam Edita, assalamu alaikum. Ina roƙon ɗan fili a jaridarku domin in yi magana da 'yan'uwana mata na Maradi.

Ni mai ɗinki ce a unguwar Zariya, kuma mai auna ƙugun mata kullum ba a ɓoye mata komai. Da can kukan da nake ji shi ne na rama, har wasu na shan ƙwayoyin sa ƙiba kafin biki. Yanzu magana ta juya. Mace za ta zo gwajin riga ta ce min gwiwa ta hana ta ruku'u, likita ya ce hawan jini ne ko ciwon suga, a rage nauyi. Daga nan sai ta nufi masu tallan shayin rage tumbi a WhatsApp, ta zuba jaka biyar ko goma.

Abin da ke ɓata min rai ke nan. Da yawa daga cikin irin wannan shayi filasko ne a ciki, wanda kakanninmu suka sani da maganin wankin ciki. Gudawa yake sawa. Ruwan jiki ne ke fita, kitse na nan inda yake, ga jiri ga kasala. Mai hawan jini da ke shan magani kuwa tana iya jawo wa kanta wata cutar.

Alhali matsalar na cikin kwanonmu. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce sukarin da babba zai sha a yini kada ya wuce kimanin giram 50, wato ƙaramin cokali 12, in ma an tsaya a rabin haka ya fi. Lemun gwangwani guda yana ɗauke da kusan giram 35. To a haɗa da sukarin koko da safe, na fura da rana, na zoɓo, da na shayin da maigida ke dafawa har zagaye uku. Gishiri kuma hukumar ta ce kada ya kai giram 5 a yini, mu ko sai mun jefa dunƙule huɗu a tukunya mu bi da gishiri, ga daddawa a ajiye.

Kuma wallahi Allah ya yi mana arziki. Zogalen Jiratawa da na fadamar Gulbi har wasu garuruwa ake kai shi. Kwaɗon zogale da ƙuli-ƙuli da tumatir da albasa yana riƙe ciki fiye da tulin farar shinkafa da mai. Wake muna da shi, ga rama, ga yakuwa, ga kuɓewa, ga kabeji da salati lokacin sanyi. Gero ma in ba a surfe shi ya yi fari fat ba, dusarsa ce ke sa a daɗe ba a ji yunwa ba. Fura da nono ba ta da laifi in an bar sukari a kanti. A rage malmalar tuwo, a ƙara ganye, a riƙa auna mai da cokali maimakon tuttulawa daga kwalba. Na san ganye kan yi tsada da bazara, amma busasshen zogale da kuka ba sa yankewa a kasuwa.

Sai tafiya. Mun saba ko gidan suna na bayan layi sai an tsayar da kabu-kabu. Minti 30 na tafiya da ɗan sauri, kwana biyar a mako, shi ne minti 150 da likitoci ke faɗa. Bayan sallar asuba kafin rana ta yi zafi, mata biyu ko uku su fita tare da hijabinsu. Magidanta, don Allah ku ba su izini, ku ma ku bi su, domin tumbin ba na mata kaɗai ba ne.

Malam Edita, ina roƙo ku gayyato likita ya yi wa masu karatu bayanin abin da ke cikin waɗannan shayin, da Hausa, yadda za mu iya karanta wa iyayenmu mata a gida.

Wassalam.

Wata mai ɗinki,
Unguwar Zariya, Maradi