A ceto tarihin haihuwar kakanninmu da ke cikin gafaka

Ya Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon ka ba ni fili a wannan jarida mai farin jini domin in yi magana a kan wahalar da mutanen Zariya suke sha idan suka tashi neman lokacin haihuwa ko rasuwar iyayensu da kakanninsu. Dokar da Hukumar Ƙidaya ta Ƙasa take rajistar haihuwa da mutuwa da ita ta shekarar 1992 ce, saboda haka wanda aka haifa zamanin En'e abin da ya mallaka bai wuce takardar rantsuwar shekaru ba, wadda sau da yawa kintace ne kawai aka liƙa wa 1 ga Janairu.

Abin da muka tashi muka ji a gidanmu shi ne an haifi mahaifinmu, Allah ya jiƙansa, a shekarar da aka naɗa Sarkin Zazzau Ja'afaru, watau 1937, amma takardar aikinsa ta rage masa shekara biyar. Sai bara, da muka buɗe gafakar kakanmu, muka tarar da wata takarda da gara ta cinye gefenta, inda ya rubuta da tawada, cikin ajami, sunayen 'ya'yansa da watan da aka haifi kowanne, kuma na mahaifinmu ya faɗo a Rajab na 1356 bayan Hijira, wanda ya yi daidai da maganar tsofaffi. Na tabbata irin wannan takarda tana nan a gidajen malamai da yawa a Kwarbai da Juma da Ƙofar Doka, ba a kuwa kula da ita.

Ban da takardun gida, akwai fayilolin Lardin Zazzau a gidan adana takardun tarihi na ƙasa da ke Kaduna, da Gidan Arewa (cibiyar adana tarihi ta Arewa House), da littattafan rabon gado na kotunan alƙalai, da rajistar ɗalibai ta tsofaffin makarantu irin su Alhudahuda. 'Yan'uwanmu Kirista kuma sai su nemi littattafan baftisma a Wusasa, inda mishan ta koma a 1929.

Sai dai mai bincike ya yi hattara da sunaye. A da, malamin haraji yakan rubuta laƙabin da aka san mutum da shi a unguwa, kamar Tanko ko Ɗan'asabe, alhali a takardar gado sunan yanka ne zai fito, sai a ɗauka mutum biyu ne. Mata kuwa su ne abin ya fi shafa, domin a wancan lokaci magidanta ake bi da haraji, ga kuma alkunya da ta hana a riƙa kiran sunan babba, har ta kai jikoki ba su san wani suna ba sai Iya ko Goggo.

Saboda haka ina roƙon Masarautar Zazzau da Jami'ar Ahmadu Bello su haɗa hannu, su bi ta hannun hakimai da masu unguwanni, a ɗauki hoton waɗannan takardu a gaban masu su, a bar musu abinsu, sannan a nemi dattawan da suka iya karanta tsohon ajami su juya su zuwa boko tun suna da rai.

Naka,
Wani mai karatu daga Kwarbai, Birnin Zariya